Kwana huɗu kwamfutata ba ta ganin wifi

Ni malamin kwaleji ne a nan Tawa, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Albashin malami kowa ya san ranar da yake ƙarewa, shi ya sa bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a zaure, in ɗora kwamfuta kan ɗan teburi, in buga wa ɗaliban jami'a memuwar ɗinsu na kammala karatu. Wani ya kawo rubutun hannu in buga masa daga farko, wani ya kawo bugagge in daidaita masa shafuka da jadawali, in aika wa malaminsa ta imel. Da wannan nake cika kuɗin cefane. Abin aikin nawa ɗaya ne tak, wata baƙar kwamfutar cinya da yayana ya aiko mini daga Abijan shekara goma da suka wuce, kuma ko a lokacin ta hannu ce. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta take ɗif kamar an hure fitila. Harafin E ya goge saboda bugu, sai dai yatsa ya san wurinsa. Amma duk memuwar da ta fita daga zauren nan ta cikinta ta bi.

Tun kafin damina ta fara nuna mini wani saƙo: daga 14 ga Oktoban 2025 Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro. Na gwada hawa Windows 11, aka ce mashin ɗina ba ta da wani abu wai shi TPM 2.0, don haka ba ta cancanta ba. Ga ta dama ta yi nauyi, ƙwaƙwalwarta jiga 4 ce kacal, in na kunna ta sai na ɗora shayi ya tafasa kafin ta gama buɗewa. Sayen sabuwa kuwa, a watan buɗe makarantu, ga littattafan yara ga ɗinkin tufafinsu, ko a mafarki ban sa shi ba.

Ana cikin haka ɗan yayata da ke karatun lissafi a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya zo bikin sunan ɗan wansa. Ya tarar da ni ina jiran mashin ta buɗe, ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan ba mutuwa ta yi ba, kaya ne suka yi mata yawa. Bari in sa maka Linux." Na taɓa jin sunan, tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, amma a zatona abin injiniyoyi ne. Ya zauna ya ba ni labari, ni kuwa da yake tarihi ne sana'ata sai na kasa kunne. Wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar tsarin a 1991, ya sake ta ga duk mai so ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. A kan wannan zuciya mutane suka yi ta gina nasu. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, akwai kuma Linux Mint da wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006 bisa ginin Ubuntu. Mint 22 ce a kan kilen USB, ƴar ma'ajiyar fayiloli da ke rataye da makullansa, mai fuskar Xfce marar nauyi da ta dace da tsofaffin mashina, kuma za a ci gaba da aiko mata gyara har 2029. Ba a biyan ko dala. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi shiga kunnena, ba zan ɓoye ba.

Daren da zai koma muka yi aikin. Mun kwashe takarduna duka zuwa wani kile, wannan kam alhamdu lillahi ban yi wasa da shi ba. Sai ya tada mashin daga kilensa, Mint ta buɗe ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba, kamar baƙon da ya tsaya a zaure bai shiga gida ba. Ya ce, "Kawu, mu fara gwada komai tukuna, sauti, wifi, kamara, kafin mu goge Windows." Ƙarfe goma ta wuce. Motarsa ta asuba ce, uwarsa ta kira sau biyu tana cewa ya zo ya haɗa kaya, ni kuma gabana na faɗuwa kada a ɗauke wuta muna tsakiyar aiki. Na ce masa, "Kai dai sa kawai, ai ga shi tana aiki." Ya dube ni, ya yi shiru irin na yaron da ba ya musu da kawunsa, ya danna.

A tsakiyar sawa ta nemi a ba ta wata kalmar sirri ta daban, ba wadda ake shiga mashin da ita ba. Ya ce in faɗi wani abu mai harafi takwas. Na ce tawa2025. Da ta gama, aka kawo mana tuwo, muka juya muna ci, mashin na sake tashi a bayanmu. Na hango fuskarta ta yi shuɗi da wani ɗan rubutu, kafin in wanke hannu ya ɓace da kansa, Mint ta buɗe tsaf cikin abin da bai kai minti guda ba. Na yi murna har na raka shi bakin titi ina sa masa albarka. Ya tafi da kilensa a aljihu.

Washegari na dawo daga makaranta, na kunna, na kai kibiya kusurwar ƙasa ta dama inda alamar wifi take zama. Babu. Ba wai rezo ya yi rauni ba, ba kuma kalmar sirri ce ta ƙi ba. Jerin sunayen ne gaba ɗaya babu shi, sai wani layi da ke cewa ba a sa waya ba. Kamar an haifi mashin ba kunne.

Wanda ke zaune a ofis mai wayar intanet a bango ba zai gane girman wannan ba. Mu a unguwarmu wifi ita ce hanya. Akwai wani matashi a bayan gidanmu da ya kafa eriya kan soro yana sayar da tikiti, na awa, na yini, na mako, kuma siginarsa na isowa zaurena sarai. Tikitin mako ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba a kan forfe, wato datar salula. Ko ranar da nasa ya tsaya, salulata nake mayarwa wifi in jona. Duk hanyoyin biyu ta kunnen nan da ya toshe suke bi. Ga shi kuwa a hannuna akwai memuwar wata ɗaliba, shafi tamanin da ɗoriya a kan noman albasa a Galmi, malaminta na Yamai yana jiran gyararren kwafi kafin Jumma'a, ranar kuwa Litinin ce. Ba aikawa kaɗai ba, akwai taswirori biyu da zan sauko da su, da gyare-gyaren da malamin ya turo cikin akwatin imel ɗina.

Uwargida ta leƙo ta gan ni na rafka tagumi. Da na gaya mata, ta ce, "Malam, mi ya kai ka? Abu na aiki nai, ka je ka taɓa shi. Garin neman gira ke nan." Ban amsa ba, don ba ni da amsa.

Talata da rana na ɗauki kabu-kabu zuwa wajen mai gyaran da na saba kai wa, kusa da babbar kasuwa. Kaka ce, amalanke sai wucewa suke da dammunan hatsi, ƙura ta cika hanya, na rungume mashin a ƙirji cikin zanen uwargida. Mutumin kirki ne, shekaru yana yi mini aiki, ko kuɗi ba su cika ba yakan ce in kawo daga baya. Ya kunna, ya ga fuskar da bai saba gani ba, ya matsa nan ya matsa can, ya danna maɓallin da ke da hoton eriya sau uku. Sannan ya ce, "Muse, wanga ba mu aiki da shi. In kana so in maida maka Windows yanzu, jikka biyu, kafin magariba ka ɗauka." Ya kuma nuna mini wata ƴar na'ura kamar ƙwayar dabino da ake cusawa a gefe ta kama wifi, amma ya yi mini gaskiya ya ce bai san ko za ta yi da wannan tsarin ba, kuma in an buɗe leda ba a mayarwa.

Na daɗe tsaye a ƙofar shagon. Jikka biyu na da su a aljihu. Abin da ya hana ni miƙawa, na tuna shekara goma ke nan duk lokacin da mashin ɗin nan ta yi tari nake naɗo ta cikin zane in kawo nan, a goge ta, a sake zuba mata abin da ban san daga ina aka samo shi ba, in biya in tafi, ban taɓa tambayar me ya same ta ba. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin ina ce musu kada su haddace abin da ba su gane ba. Kuma in an mayar, Windows ɗin da aka daina gyarawa za a mayar mini, ko wata ta bayan fage. Na ce masa bari in yi shawara, na hau kabu-kabu na koma.

Da dare ɗan yayata ya iso masaukinsa, muka fara musayar vokal ta WhatsApp. Ya ce in buɗe wata baƙar taga da ake kira taminal, in rubuta lspci in danna shiga. Hannuna har rawa yake, don a zatona duk wanda ya rubuta abu cikin baƙar taga ko dai ya gyara duniya ko ya ƙona mashin. Sai ga layuka kusan ashirin sun zubo. Na ɗauki hotonsu da salula na tura. Ya zagaye layi ɗaya da ja ya dawo mini da shi: ga sunan kamfanin da ya ƙera abin kama wifi ɗin, ga lambarsa. Ya ce, "Ka gani, Kawu? Tana ganinsa. Bai lalace ba. Direba ne babu."

Abin da na fahimta daga bayaninsa, wanda daga baya na buɗe bayan mashin na gani da idona, shi ne cikin kwamfuta akwai wani ɗan allo da bai kai akwatin ashana ba, da siraran wayoyi biyu, fara da baƙa, da suka bi ta maganaɗin murfi suka hau bayan gilashi. Su ne eriya. Wannan ɗan allo ƙarfe ne kawai, bai san Windows ba bai san Linux ba, sai an sami wata ƴar manhaja da ke jin yarensa ta tsaya tsakaninsa da tsarin. Masu Faransanci na ce mata pilot, masu Ingilishi na ce mata direba, kuma sunan ya dace, don mota ce lafiyayya da mai cike da tanki amma ba mai tuƙi. Yawancin direbobi suna zuwa ne cikin zuciyar Linux tun daga farko, shi ya sa sautina da kamarata da komai suka tashi ba wanda ya taɓa su. Amma akwai masu ƙera irin wannan allo da ba su buɗe rubutun direbansu ga jama'a ba, sai dai a ɗauko shi a ƙunshe a sa daban. Nawa irin wannan ne.

Na ce to a ina ake ɗaukowa? Ya ce a intanet.

Na ajiye salular na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Mu Adarawa mun san rijiya mai zurfi. Guga ya faɗa, ka aika a kawo ƙugiya, a ce maka ai ƙugiyar na cikin gugan. Ya ƙara mini da cewa Mint na da wani wuri mai suna Gestionnaire de pilotes wanda ke iya ɗauko irin wannan direba daga kan kilen da aka sa tsarin da shi, ko babu intanet. Kilen kuwa yana rataye da makullansa a Yamai, tafiyar yini guda a mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Da na bar shi ya gwada a daren nan, da aikin minti biyar ne.

Sai ya ce akwai wata ƙofa. Salular Android na iya ba kwamfuta intanet ta igiyar caji, ba sai ta iska ba, kuma wannan hanyar Linux ya san ta tun daga gida. In jona igiya, in shiga saitin raba kuneksiyon, in kunna na USB. Na jona. Salula ta nuna tana shan caji, amma wurin da zan kunna ya yi toka-toka, ya ƙi dannuwa. Na cire na mayar, na sauya rami, na kashe salula na kunna. Har ɗaya saura na dare ina wannan, sannan aka ɗauke wuta, mashin ta yi ɗif, na kwanta da zafin rai ina cewa gobe da sassafe jikka biyun nan za su fita.

Laraba a ɗakin malamai na ba abokin aikina mai koyar da kimiyya labari, ina nuna masa igiyar. Ya jujjuya ta ya ce ina na saye ta. Na ce wajen masu tebur, dala ɗari. Ya ce to ai shi ke nan. Igiya ta ƙwarai wayoyi huɗu ne a cikinta, biyu na wuta, biyu na saƙo. Masu arhar nan da yawa biyun wuta kaɗai ake sa musu, su yi caji amma ba su ɗaukar ko harafi. Ɗan hakin da ka raina. Na koma gida na tarar uwargida na daka, na ce ta ara mini igiyar da ta zo cikin kwalin salularta, wadda take ɓoyewa cikin kwalla saboda yara. Ta ba ni tana cewa in ta ɓace in san inda zan kwana. Ina jonawa wurin nan mai toka ya yi haske, na danna, sai ga alama ta fito a kusurwar mashin wai an haɗa ta waya. Na sayi forfe na jiga ɗaya. Kafin komai na sauko da gyare-gyaren malamin da taswirorin nan biyu, don in abin ya sake rikicewa kada yarinyar mutane ta shiga ciki.

Sannan na buɗe Gestionnaire de pilotes. Ya ɗan yi bincike, ya nuno sunan allon nawa, da direba guda a ƙarƙashinsa da aka ce shi ake shawarta. Na zaɓa, na ba da kalmar sirri, ya sauko, ya ce in sake tada mashin. Na tada ina murmushi, har na kira uwargida ta zo ta gani.

Babu wifi. Ta dube ni, ta dubi mashin, ta koma bakin turminta ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ta yi magana.

Wannan daren shi ne mafi tsawo. Yaron na da jarrabawa washegari, amma ya zauna da ni. Ya sa na rubuta rfkill list don a ga ko wani maɓalli ne ya toshe rediyon, ba a ga wifi a jerin ba ma sam. Ya sa na umarci direban ya tashi da hannu da wata kalma, modprobe. Mashin ta amsa da layi ɗaya na Ingilishi, ƙarshensa na cewa Key was rejected by service. Ingilishina na kwaleji ne, amma na gane an ƙi karɓar wani makulli. Ina tura hoton ya aiko vokal yana salati. Ya ce, "Kawu, shuɗin allon nan! Daren da muke cin tuwo!" Ya sa na rubuta mokutil --sb-state, ta ce SecureBoot enabled.

Ga yadda abin yake. Mashinan da aka ƙera tun wajen 2012 suna da wani mai gadi da ke tashi kafin tsarin kansa ya tashi, ana ce masa Secure Boot. Aikinsa kada ya bar wata manhaja ta shiga zuciyar mashin sai tana ɗauke da tambarin da ya sani, don kada ɓarawo ya shigo da rigar ɗan gida. Direbobin da suka zo cikin Mint duk da tambarinsu. Nawa kuwa a cikin mashin ɗina aka harhaɗa shi ya dace da zuciyar da ke ciki, aka buga masa tambarin gida, wanda mai gadi bai taɓa gani ba. Duk wanda ya taɓa kai kwafin takardar haihuwa wani ofis aka ce ya koma a buga mata tambarin magajin gari ya san wannan. Takardar gaskiya ce, amma ba ta wucewa. Shuɗin allon nan shi ne wurin da mai mashin ke gabatar da tambarin gida ga mai gadi, kuma kalmar tawa2025 domin nan aka nema. Daƙiƙa goma yake jira, in ba a taɓa komai ba ya wuce abinsa. Mu kuwa hannunmu na cikin miya.

Ya ce hanya biyu ce. Ko in shiga saitin mashin na can ƙasa in sallami mai gadin gaba ɗaya, wanda mutane da yawa ke yi kuma wifi ta tashi, ko in sake kiran shuɗin allon in gabatar da tambarin. Na ce ni da na bar Windows saboda maganar tsaro, ba zan fara da korar mai gadi ba. Ya turo mini layin da zan rubuta, na kwafe shi harafi-harafi a bayan takardar jarrabawar wani yaro kafin in buga. Ta nemi kalmar sirri, na sake ba ta tawa2025 sau biyu. Na tada mashin, yatsana na kan maɓalli. Shuɗi ya fito, na danna. Enroll MOK, na zaɓa. Continue. Yes. Ta ce in sa kalma. Na buga, ba a ganin abin da ake bugawa, ko ɗigo. Ta ce bai dace ba. Na sake, a hankali, ina faɗin kowane harafi da baki. Bai dace ba. Na uku ma haka, ta watsar da ni.

Nan kam na zargi kaina da tsufa. Kalmar da na sa minti biyu da suka wuce, sunan garin da aka haife ni, a ce na manta? Na rufe mashin, na yi shafa'i da wutiri, na kwanta.

Alhamis ina cikin aji ina zana wa yara hanyar ayarin gishiri daga Bilma a allo, abin ya faɗo mini, har na tsaya da alli a hannu. Shekarun baya wani ɗalibi ya taɓa kawo mini mashin da ya sayo a Sakkwato in gyara masa shafuka, na yi ta buga A tana fitowa Q. Mashinan da ke zuwa mana ta ƙasashen Faransanci, irin tawa ta Abijan, layin haruffansu na sama da AZERTY yake farawa. Na Najeriya da Amurka da QWERTY. Harafin A da na Q sun yi musayar wuri, W da Z ma haka, lambobi kuma a namu sai an danne maɓallin manyan haruffa suke fitowa, a nasu kai tsaye. Shuɗin allon nan yana tashi ne tun kafin Mint ta farka ta gaya wa mashin cewa allon bugunta na Faransanci ne. Ashe shi a QWERTY yake saurare. Ina buga tawa, shi yana jin tqzq. Ina danne maɓalli in buga 2025, shi yana karɓar wasu alamomi. Ban taɓa ƙosawa a buga ƙararrawar tashi kamar ranar ba.

Ban ko cire takalmi ba na kunna. Na sake rubuta layin nan daga bayan takardar jarrabawa, na tada, shuɗi ya fito. Da aka zo kalma na buga T, sannan maɓallin da aka rubuta Q a kansa, sannan mai Z, sannan mai Q kuma, sannan lambobin ba tare da danne komai ba. Ba ta ce bai dace ba. Ta nuno Reboot.

Da Mint ta buɗe na kai kibiya kusurwa, sai ga jeri ya sauko. Sunan wifi ɗin yaron bayan gidanmu a sama da sanduna huɗu cif, na wani kanti a bakin titi, na salular maƙwabcina da ya sa mata sunan ƴarsa, har da wani da ban san ko na wane ne ba mai sanda ɗaya. Na zauna ina kallonsu kamar mai duba sunansa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa. Na aiki ƙaramin ɗana da kuɗin tikitin mako, ya dawo da ƴar takarda mai lamba shida, shafin shiga ya buɗe, na buga. Kafin kiran magariba memuwar albasar Galmi ta isa Yamai, saura kwana guda wa'adi ya cika. Ɗalibar da ta zo karɓar kwafinta ba ta san an yi komai ba, ta dai ce, "Malam, mashin ɗinka ta yi sauri yanzu."

Na aika wa yaron vokal na gaya masa maganar AZERTY. Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi shi bai kawo wannan ba, don tasa mashin ɗin QWERTY ce. Ban nuna masa ba, amma na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamaci mai shekaruna.

Akwai sauran ƙananan abubuwa da suka biyo baya. Da ya dawo hutu mashin ɗina ta ƙi ganin wifi ɗin sabuwar salularsa, ashe tasa a kan zangon rediyo na 5 GHz take watsawa, tsohon allona kuwa 2.4 kaɗai yake ji, sai da ya sauya a saitinsa. LibreOffice, manhajar buga takardu ta cikin Mint, ma ya ɗan ba ni wuya wajen lambar shafuka kafin hannuna ya saba. Wani abin da ban zata ba, cikin jerin allunan bugu na tarar da na Hausa, mai ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda da sai in je in kwafo su ɗaya-ɗaya daga wata tsohuwar takarda. Na kuma sa ya yi mini kwafin kilen nan nawa na kaina, yana cikin gwangwanin da muke ajiye takardun haihuwar yara.

Igiyar uwargida kuwa sai da ta kwana tara a zaure, kullum ina cewa gobe. Ran na goma ta shigo ina tsakiyar bugu, ta zare ta daga bayan teburi ba ta ce mini kanzil ba. Da na sake ganinta a bakin kwalla, ta ɗaura mata jan zare a wuya.